Yadda Ake Duba Tsagar Bango Ba Tare da An Gan Ta Ba

Kai mai neman gida, matso kusa, kuma ka ajiye wayar nan. Idan ka bi abin da zan gaya maka daki-daki, ba ka tsallake ba, ba ka kuma ƙara naka wayon ba, na yi maka alkawari duk gidan da ranka ya kwanta da shi zai ci jarrabawa, ko da tsagar da ke bangonsa ta isa mage ta wuce da 'ya'yanta. Ban yi karatu mai nisa ba, ba na kuma ɓoyewa. Amma ina raka mutane duba gida tun kafin a yaye ka, kuma ban taɓa ganin wanda tsaga ta hana sayen gida ba sai wanda ya tsaya ya dube ta. Mutum ɗaya ne ya ba ni kunya, wani tela da nake zama a bakin shagonsa. Da shi zan riƙa yi maka misali, don ka ga inda ya yi daidai da inda ya lalace.

Mataki na ɗaya: Ka cika baki tukuna

Gida ba da ido ake fara sayensa ba, da baki ne. Mutumin da bai yi wa kowa alkawari ba yana da lokacin zaɓe, mai zaɓe kuwa a gidan wani zai tsufa. Saboda haka kafin ka taka ƙafa ko'ina, ka samu taron dangi, musamman dangin matarka, ka faɗi maganar da ba ta janyuwa.

Tela ya yi wannan yadda ya kamata. Shi da matarsa da 'ya'yansu uku a ɗakuna biyu suke zaune, a bayan gidan surukinsa, wani tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi amma bai daina matsa hon ba. Tsohon ba ya korar mutum. Sai dai ya tsaya a tsakar gida da safe ya tambayi iska wane ne ya bar famfo yana ɗiga, ko ya ce shi a zamaninsa namiji kan ji nauyin shanya wandonsa a igiyar surukai. Tela yana ji yana haɗiyewa, shekara da shekaru. Ran nan ana cin abinci, dangi sun hallara, tsohon ya dubi cikin 'yarsa da ya fara fitowa, ya ce to shi wannan mai zuwan a ina za a ajiye shi, ko a kicin? Aka yi dariya. Tela ya ajiye cokali.

"Baba," ya ce, "wannan ɗan ba zai kwana a gidan nan ba. Daga asibiti gidana za a wuce da shi."

Matarsa ta dube shi irin duban da ake yi wa wanda ya zauna a kan ɗanyen fenti bai sani ba. Surukin ya ce Allah Ya nuna mana, ya ci gaba da cin abincinsa da wani sabon nishaɗi, har da neman ƙari.

Ka lura da kyawun abin. Ciki ba ya jira, ba ya kuma karɓar "dawo gobe" irin ta teloli. Daga ranar Tela ya zama mai sayen gida na gaskiya, wato wanda idonsa ya riga ya rufe.

Mataki na biyu: Ka ba dillali ajiyar idonka

Dillali ya san gidan, kai ba ka san shi ba. Inda ya nuna nan za ka duba, inda bai nuna ba babu ruwanka. Kada ka tambayi dalilin da ya sa gida mai ɗaki huɗu da falo ya yi araha haka, ko me ya sa ya daɗe babu kowa a ciki. Rabonka ne ya kira ka, kai kuma ba ɗan sanda ba ne da za ka tsare rabo da tambayoyi.

Gidan da aka kai Tela yana can ƙarshen layi, inda ƙasa ta gangara, ruwan unguwar kaf nan yake zuwa ya huta idan an yi sama. Get ɗinsa sabo, shuɗi, yana ƙyalli. Tela ya tsaya a gabansa yana kallo, har ya hango inda zai kafa allon shago. Wata tsohuwa ta leƙo daga gidan da ke kusa ta fara cewa, "Ai gidan nan, ɗana…" sai tari ya kama dillali, mai ƙarfi, bai sake shi ba sai da suka shige ciki. Riƙe wannan: maƙwabta ba a gaishe su kafin ciniki. Bayan ciniki kana da sauran rayuwarka ta jin abin da suka so gaya maka.

Ƙofar falo ta ƙi buɗuwa. Wasu za su ce maka idan ƙofa ta cije a sama ta bar rata a ƙasa, to bango ne ya karkace, ginin yana nutsewa ta gefe guda. Masu faɗin haka duk a haya suke. Dillali ya sa kafaɗa, Tela ya sa tasa, ƙofa ta yi kuka ta buɗe. Dillali ya ce ai gidan da mai shi ke shan wuya kafin ya shiga, ɓarawo sai dai ya haƙura. Tela ya ga gaskiyarsa.

A tsakiyar falon kwarkwaron zare ya faɗo daga aljihun Tela. Bai tsaya inda ya faɗi ba. Ya gangara a hankali kamar wanda aka aika, ya ratsa falon ya je ya maƙale a kusurwa, ya bar jan zare a miƙe a kan tayil. Su biyun suka raka shi da ido har ya isa. Dillali ya ce da gangan aka yi daɓen haka, domin in uwargida ta zuba ruwan goge-goge ya taru mata wuri guda. Tela ya naɗe zarensa, ya ce lalle za ta ji daɗi.

Mataki na uku: Ka yi faɗa da ƙaramar, ka girmama babbar

Tsaga iri-iri ce. Akwai siririya kamar gashi, wadda ke kwance a kan filasta, ko farcenka ba ya shiga. Wannan ba ta kashe kowa, kowane gida na da tasa. Ita ce abokiyar aikinka. Da ka gan ta ka ɓata fuska, ka ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ka kara kunne, ka girgiza kai, ka ce kai ba yaro ba ne da za a sayar maka da kango. Ka yi ta yi har dillali ya ba ka haƙuri. Ta haka duk wanda ya tambaye ka daga baya za ka iya rantsuwa cewa ka duba.

Akwai kuma ɗayar. Ita ba a miƙe take tafiya ba. Daga kusurwa take tasowa ta hau a karkace, tana bin layin bulo kamar matakalar bene, ƙasanta a tsuke, samanta a buɗe. Wannan ba a yi mata faɗa. Girmanta ake ba ta, wato a sunkuyar da kai a wuce.

A ɗaki na ƙarshe Tela ya same ta, a bangon da babu taga, wanda shi kaɗai aka yi wa sabon fenti a duk gidan. An cike ta da siminti an shafe, ita kuma ta sake buɗe baki ta tofar da abin da aka ba ta. Ya matsa kusa. Ya ga haske ta ciki, da wani koren abu yana motsi, wanda sai da ya ƙura ido ya gane ganyen bishiyar bayan gida ne. Ya ɗaga yatsa zai nuna wa dillali. Amma ya tuna fuskar surukinsa a kan abinci, sai ya juya ya koma falo ya ci gaba da masifa a kan siririyar.

In abin ya ƙi barin ranka, sauya mata suna. Kalmar tsaga tana da nauyi a baki. Ka ce gini ne ke zama. Ka ce zafi ne. Dillali ya ce wa Tela bango ne ke miƙa, kamar yadda mutum ke yi in ya tashi daga barci. Akwai maganar manya da ta dace da nan, amma ba ka kai a gaya maka ita ba.

Mataki na huɗu: Kada ka zagaya baya

Tsagar da ka gani a ciki, ka fita ka kuma same ta a waje a daidai wurin, ta zama ta gaske. Wadda ka gani a ciki kaɗai, har yanzu zance ne, ko da ka hango ganye ta cikinta. A bayan gida akwai ƙaya, akwai taɓo, kuma takalminka sabo ne. Wannan matakin ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Mataki na biyar: Ka kira masani wanda wuyansa ke hannunka

Dole a ce ka kira masani, don kada dangi su ce ka yi gaban kanka. Injiniya kada ka kusance shi. Zai zo da na'ura, ya sa a tona gindin bango, ya gaya maka abin da in ka ji ba ya fita daga kunne. Magini za ka nema, kuma ba kowane ba.

Tela yana da irin wanda ake so. Wani magini ya kawo masa yadin da zai sa a bikin ƙaninsa, biki ya matso, yadin kuwa ko almakashi bai gani ba. Tela ya ce masa su je ya ɗan duba masa wani gida, in sun dawo sai a yi maganar ɗinki. Magini ya fahimta. Ya shiga ɗakin, ya bi bangon da kallo tun daga ƙasa har silin, ya sa yatsa, ya sa biyu, ya zura tafinsa har wuyan hannu, ya zaro ya goge a wando. Sai ya fita ya tsaya a tsakar gida, ya ce daga nan zai fi jin daɗin magana.

A nan gwanintar tambaya take. Kada ka ce, ginin nan lafiya? Tambaya ce mai faɗi, gaskiya na iya shigowa ta cikinta. Ka tsuke ta. Tela ya tambaye shi ko bangon zai faɗi yau. Magini ya ɗaga kai, ya ga babu hadari, ya ce yau kam da wuya. Ya tambaye shi ko ana iya gyarawa. Magini ya ce babu abin da ba a iya gyarawa, ya ja numfashi zai ci gaba da cewa sai an tono harsashi, an zuba sabon kankare da rodi, an kawar da ruwan da ke kwanciya a gindi, wataƙila ma an sauke bangon gaba ɗaya. Bai kai ga rodi ba Tela ya tare shi da tambayar ko wuyan rigar tasa mai tsayi yake so ko zagaye. Magini ya dubi ɗakin, ya dubi Tela, ya tuna bikin ƙaninsa, ya ce zagaye.

Da yamma Tela ya gaya mini masani ya duba, ya ce ba zai faɗi ba kuma ana iya gyarawa. Na ce masa haka ake yi. Ba ƙarya ya yi ba, rage tsawo ya yi, kuma sana'arsa ce.

Mataki na shida: Matarka ta ga gidan da kunne

Matarka ba ta cika baki a gaban kowa ba, saboda haka idonta a buɗe yake. Wannan haɗari ne. Ka kawo mata gidan a baki: faɗin falo, sheƙin tayil, kicin nata ita kaɗai, famfon da babu mai tsaronsa. Idan ta ce za ta je ta gani, ka tuna mata halin da take ciki.

Matar Tela ba mai yawan magana ba ce, abin da ya sa ma yake tsoronta ke nan. Tana ninke kayan yara tana saurare. Ta tambaye shi me ya fitar da masu gidan, ya ce tafiya ce ta kama su. Ta ce su duka? Ya ce dangi ne masu haɗin kai. Ta ce yaushe za ta je. Ya ce hanyar akwai gargada, likita ma ba zai yarda ba, ta bari ya ɗan gyara wurin tukuna.

"Baban yara," ta ce, ba ta ɗago ba, "tun da ka fara zancen gidan nan ɗaki uku kake yabo. Ba huɗu ka ce ba?"

Ya ce na huɗun ma yana nan lafiya ƙalau. Ta ce to.

Wannan "to" ɗin ta bi shi har shago, ta sa ya yi wa wani wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Kai in aka yi maka irinta, ka ɗauke ta a matsayin amincewa. Ma'anarta ta gaske za ta same ka daga baya, ba sai ka je taryenta ba.

Mataki na bakwai: Ka rufe ta da abin da ka iya

Kowa da hannunsa. Kafinta kabad yake jingina mata. Na mai fenti ka riga ka gani. Malamin makaranta taswirar duniya yake mannawa, ya ce don yara ne. Tela kuwa a wurinsa duk abin da ya yage, yadi ne maganinsa.

Surukin ya aiko cewa kafin a biya kuɗi yana so ya taka gidan da ƙafarsa ya sa masa albarka, shi da 'yarsa. Babu halin hanawa. Tela ya karɓi makulli wurin dillali, ya je da tef ɗinsa a wuya. Ya auna tsagar kamar yadda yake auna mutum: ya ɗauki tsawo, ya ɗauki faɗi, ya ja alli a inda ta tsaya, ya ƙara rara saboda kalmasa. Ya fito da wani yadi mai nauyi, ruwan zuma, wanda ya daɗe yana ɓoyo don babban mutum. Ina zaune a bakin shago aka yi aikin a gabana. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya gama ɗinki kafin lokaci ba sai a kan labulen nan. Masu kaya na zuwa suna komawa, shi ko ɗagowa ba ya yi. Ya yi masa tattara, ya yi masa geza, har da maɗauri biyu, kamar labulen da ake niyyar buɗewa wata rana.

Ya je ya kafa ƙarfe ya rataye. Ƙusar farko da ya buga, wani guntun filasta ya faɗo masa a ka, ya kaɗe ya ce ƙusar ce ta yi kauri. Da ya ja baya ya duba, ɗakin da ya fi kowanne muni ya zama ya fi kowanne kyau. Ka rantse wata babbar taga ce a wurin, mai kallon lambu.

Tsakanin ranar da ya rataye da ranar zuwan surukin aka yi ta sheƙa ruwa. Ka ji da kyau: bayan ka rufe, ba a komawa dubawa. Tela bai koma ba, kuma na yaba masa.

Mataki na takwas: Ka yi ta magana, kada shiru ya sami wurin zama

Ranar surukai baki ne makaminka. Ka fara daga get, ka daɗe a kicin, ka kunna kowane famfo, ka sa kowa ya yabi tayil ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin ƙarshe a tsaitsaye ake shigarsa, bayan ƙafafu sun gaji.

Aka tafi da ni a matsayin dattijo. Surukin ya ci ado. Tun a mota na lura tabaraunsa na aljihun gaba, kuma ko da aka iso bai fito da shi ba. Mutumin da ke hango ɗigon ruwa daga ɗakinsa ya taka tafkin da ke gindin katanga bai ce uffan ba. Da ƙofar falo ta cije, shi ya fara sa kafaɗa, yana cewa ƙofa ke nan, ba irin na zamani ba. A nan na gane ba Tela kaɗai ke son cinikin nan ya faɗa ba. Ashe tsohon ya riga ya kira kafinta ya auna masa ɗakunan bayan gidansa da su Tela ke ciki, kaji yake so ya zuba.

Aka shiga ɗakin ƙarshe. Labule na nan da kwarjininsa. Sai dai abu biyu sun faru da ba a shirya musu ba. Iska ta taso a waje, labulen ya kumbura a hankali, ya yi ciki, ya koma ya lafe, ya sake kumbura, kamar mai barci yana numfashi, a bangon da kowa ya san babu taga. Na biyun kuwa Tela ne ya fara gani. Can sama, ta hagu, tsagar ta fito daga bayan labulen da kusan taƙi guda, ta nufi silin. Shi ya auna, shi ya ja alli, shi ya bar rara. Tela na iya yi maka ƙarya a kan ranar karɓar kaya, amma ya san awonsa ba ya ƙarya. Labulen bai ga ruwa ba balle a ce ya tsuke. Tsagar ce ta yi girma, kamar yaron da aka yi wa awo bara.

Ya yi abin da ya dace, ya ɗaga murya yana bayanin yadin. Dillali ya kama masa. Surukin ya tsaya a gaban labulen, gezar na taɓa gwiwarsa tana komawa, ya ce ɗaki mai iska, rabonsa da ganin irinsa tun yana saurayi. Maza huɗu a ɗaki, har da ni, babu wanda ya ga komai. Ban taɓa ganin aiki ya tafi daidai irin na ranar ba.

Mataki na tara: Kada ka bari a raba ɗakuna kafin a biya

Wannan matakin ya fi duk sauran, kuma a nan Tela ya zubar da wahalarmu. Muddin ɗaki babu mai shi, bango bango ne kawai. Da an ce ga wanda zai kwana a ciki, komai ya ɓaci.

Matar Tela ce ƙarshen shigowa, hannu ɗaya a ƙugu saboda nauyin ciki. Ba ta taɓa labulen ba. Ta tsaya ta dube shi yana numfashi, ta ɗaga kai ta dubi sama ta hagu, ta sauke, sannan ta dubi mijinta. Sai ta auna gindin bangon da ƙafa, a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ya yi," ta ce. "Nan za a sa gadon yara, a jikin labulen. Na jaririn kuma a wannan kusurwar. Tunda Baba ya yaba, kai ma ka kawo masani ya duba, ni me zan ce?"

Amsar da ta dace a nan ita ce, sai mun tare ma gani. Gajeriya ce, yaro ma zai iya faɗa. Tela ya buɗe baki. Sai idonsa ya sauka a kusurwar da ta nuna, inda guntun filastar da ya faɗo masa a ka yake har yanzu, da wasu sababbi a kusa da shi waɗanda ba gudumarsa ta zubo su ba. Ya san yadda autarsu take barci, goshi a jikin bango, ƙafa a bakin yayarta. Ya nemi fuskar surukinsa a kan abinci, wadda ta yi masa aiki a duk sauran matakan, ya rasa ta. Ga mutumin ma a tsaye a gabansa, amma ta ƙi zuwa.

Ya taka ya kama labulen da hannu biyu ya fizge. Ƙarfen ya biyo baya, da ƙusoshi, da filasta mai yawa. Rana ta shigo ta kwanta a kan tayil a karkace. Ta cikin bangon muka hango bishiyar, da tsohuwar maƙwabciya can bayanta tana shanya. Ta ɗago ta gaishe mu, muka amsa.

Dillali ya ce ba matsala, yadi ne bai isa ba, a ƙara ɗaya. Surukin ya laluba aljihu, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Baba," Tela ya ce, "ba zan saya ba."

Abin da ya biyo baya, don ka ji tsoro

Ka ga mutumin da ya bi mataki takwas babu kuskure, ya zo kan na tara ya duba. Aka shiga mota. Labulen na kan cinyarsa a dunƙule. Abin da ke jiransa kuwa ya fi tsagar faɗi: maganar da ya yi a gaban dangi tana nan daram, ciki ya tsufa, wani gidan kuma ba zai samu da abin da ke hannunsa ba.

Da aka isa bai shiga ɗaki ba. Ya sami surukin a tsakar gida, a tsaye kusa da wani naɗin wayar kaji da aka jingine a bango. Tela ya durƙusa. Ya ce ya zo ne a kan maganar da ya yi ran nan a kan abinci, yana roƙo a bar shi ya janye ta, jaririn kuma gidan nan za a kawo shi idan Baba ya yarda. Matarsa na bakin ƙofa, surukarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ni ma ban tafi ba, don irin wannan ba a bari a ba mutum labari.

Tsohon ya dubi wayar kajin, ya yi doguwar ajiyar zuciya. Ya cire tabarau ya mayar aljihu.

"Wace magana?" ya ce. "Ni da na ƙare rayuwata a cikin ƙarar inji, in ana cin abinci kunnen nan ba ya jin komai. Tashi ka kama mini wannan mu kai sito, kada jikokina su yanke a jiki."

Nan aka kawo jaririyar. Tela har yau kuɗin gida yake tarawa, kuma ya lalace gaba ɗaya. Duk gidan da aka kai shi sai ya zauna ya yi hira da maƙwabta tukuna. Dillalai sun daina ɗaukar wayarsa.

Wanke hannu

Yanzu ka buɗe kunne. Ni ban gan ka ba, kai ma ba ka gan ni ba. Ban ce ka saya ba, ban kuma riƙe maka hannu ba. Idan bango ya gaji ya zauna, ko rufi ya sauko gaishe ka, ko matarka ta kwashe yara ta bar maka tayil, ko kuma naka surukin ya zama mai lafiyar kunne, kada a zo mini da kuka, kada a zo mini da hukuma. Abin da na ce shi ne gidan zai ci jarrabawa, ban ce zai kai baɗi ba. Ni ba magini ba ne, ba injiniya ba ne, tsoho ne mai zama a bakin shagon mutane. In ka saya ka kira ni, zan zo in sa albarka, don ba na ƙin gayyata. Amma a fito mini da kujera waje, a ƙetaren titi.